Asabe ta ce ba ƙaninta ba ne: in bar wurin nan ko in cire?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema kuma a gaya min gaskiya ba sai an lallaɓa ni ba. Wata uku kenan ina fama da wani ɗan labari da nake rubuta wa yara 'yan aji biyar da shida na firamare, duka duka shafi 40 ne har da zane. Yarinyar sunanta Asabe shekararta 11, ita ce 'yar fari ƙannenta huɗu. Ita ke tashi da asuba ta ɗebo ruwa ta yi wa biyu wanka ta ɗumama tuwo ta kai wa mamanta ƙullin ƙosai bakin titi sannan ta ruga makaranta, kullum sai an tare ta a geti cikin 'yan makara. To inda na maƙale shi ne babi na biyar, ranar bikin ba da kyaututtuka an zaɓe ta ta karanta waƙa gaban iyaye, ashe ƙaninta ɗan shekara huɗu ya biyo bayanta ba ta sani ba, ba wando ga majina ga ƙura, ya kutso cikin taro yana Yaya Yaya. Ta kusa da ita a layi ta ce wancan ƙaninki ne? Asabe ta ce a'a ban san shi ba. Na ba wata aminiyata ta karanta ta ce lallai in cire, wai koya wa yara yanke zumunci nake. Ni kuma wlh ji nake in na cire wurin nan labarin ya mutu.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata gaskiyar aminiyarki ce. Littafin yara ba na manya bane, abin da yaro ya karanta shi zai kwaikwaya. Mu da muka taso babbar ya uwa ce, babban wa uba, ko tsirara ƙaninki ya zo gaban sarki ɗauka za ki yi ki goya. Ki sa ta sauko ta goya shi ta karanta waƙarta da shi a baya kowa ya tafa mata, ai ya fi kyau.

Malamin Aji Shida:
Hajiya Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Shekarata 17 ina koyarwa a firamare ta gwamnati kuma ba shekarar da ba na samun irin Asabe uku ko huɗu a ajina. Ka gan su a bencin baya suna gyangyaɗi tun kafin tara ta yi, hijabi na warin hayaƙi, wata da ɗan ƙaninta a zaune ƙarƙashin benci dan ba mai riƙe shi a gida. Abin da ya fi damunsu ba bulalar makara bace, sun saba da ita. Dariyar 'yan aji ce. Yarinya za ta iya shanye bulala shida ido a bushe amma a ce mata mai ƙosai a gaban ƙawaye sai ta kwana biyu ba ta zo ba. In kika rubuta wadda ta goya yaro aka tafa mata 'yan ajina za su saurara su ce labari ne, dan sun san ba tafi ake ba dariya ake.

Ummu Hanan:
Maman Walid na karanta fostin ɗinki na ajiye waya na yi kuka mai isata. Ni na yi abin da Asabe ta yi, ba ƙani ba ma, mahaifiyata. Ina aji ɗaya a sakandare ta kwana ta zo min biziti da silifas ɗaya ja ɗaya shuɗi da garin kwaki da ƙuli a ɗaure cikin tsohon zani, iyayen wasu sun zo da motoci da kuloli, wata 'yar ɗakinmu ta ce wace ce waccan na ce maƙociyarmu ce aka aiko. Ba ta ji ba, har ta rasu ba ta sani ba. Mu tara ne ni ce babba, ni na yi rainon bakwai daga ciki, ni na bar karatu a NCE dan ƙanina ya shiga jami'a kuma ban taɓa nadamar wannan ba. Amma kalmar nan guda ɗaya yau shekara 26 tana nan a ƙirjina. Da a ce a lokacin na taɓa karanta labari ɗaya da yarinyar kirki ta yi irin wannan kuskuren ta dawo ta gyara, da na iya zuwa na durƙusa na gaya mata tun tana raye. Amma duk labaran da muka sani yarinyar kirki ba ta kuskure, sai na yanke wa kaina hukunci cewa ni ce 'yar banzan. Dan Allah kar ki cire.

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙan mahaifiyarki 'yata, ya sa ta huta. Ki yawaita mata addu'a da sadaka, yarinta ce.

Ummu Hanan:
Amin Hajiya na gode.

Autan Inna:
Ni ta ɗaya gefen zan yi magana tunda kowa na tausayin babba. Ni ne yaron da ba wando ɗin. Yayata ta taɓa korata da dutse daga ƙofar islamiyyarsu dan kar ƙawayenta su ganni, ina jin shekarata biyar kuma ban manta ba. Anti in za ki bar wurin to ki bar yaron ya JI abin da ta ce, kar ki mai da shi kamar kayan ado a labarin. Yaro ɗan shekara huɗu ya san an ƙi shi. Kuma yayar nan tawa ita ce dai ta sai da ɗan kunnenta ta biya min kuɗin jarrabawa daga baya, duk mutum ɗaya ce.

Maman Walid:
Kai Autan Inna ka taɓo inda ban duba ba. A yadda na rubuta yaron bai ji ba, hayaniya ta yi yawa. Gaskiya sauƙi na nema wa kaina.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum ina gaida mutanen Najeriya. Nan wajenmu ma haka abin yake, ɗiyar fari ita ke makara lakwal kuma ita mushe, wato malami, ke fara kora in ba ta da kaye, wato littafin rubutu. Amma ni tatsuniya nike so in tuna muku wadda kakata ke ba mu, ta Auta da yayarshi. Uwayen za su mutu suka bar mata wasiyya guda, kar ki bari Auta ya yi kuka. Ya ce zai ƙone rumbun hatsi ta hana ya buɗe baki zai yi kuka ta ce ƙone. Suka je garin wani sarki aka karɓe su ya tsone idon ɗan sarki, ta goya shi suka gudu. Tsuntsu ya ɗauke su ya cece su shi ma bai bar shi ba. A ƙarshe Auta ya kashe dodo ya samu lada wurin sarki, sunanshi ne a kan tatsuniyar. Tun ina yaro nike dariyar ɓarnar Auta, sai da na girma na zama babba a gidanmu na tambayi kaina to ita yayar fa, wa ya taɓa tambayarta ko ta gaji? Ko sunanta kakata ba ta faɗi.

Malamin Aji Shida:
Wallahi ɗan uwa ka tuna min. Kuma ku duba ta 'yar bora da 'yar mowa, ai da abin kunya ta fara, 'yar mowa ce ta ɓata shimfiɗa cikin dare aka ɗora wa 'yar bora aka ce ta je ta wanko a ruwan Bagaja. Kenan kakanninmu ba su ji tsoron sa abin kunya a labarin yara ba. Matsalar dai 'yar bora ba ta taɓa jin haushi ko sau ɗaya, ta gaida cinya ta gaida kare ta ɗauki ƙaramin ƙwai ta yi arziki. Irin wannan ƙirar muka kwaso muka zuba a littattafan yanzu, sai dai maimakon ƙwai a ce wani Alhaji ya ba ta sikolashif.

Maman Walid:
Malam nawa ma da sikolashif ya ƙare. Wani baƙo a taron ya ji waƙarta ya ɗauki nauyin karatunta.

Malamin Aji Shida:
To ni wannan ne zan ce ki cire ba wancan ba. A shekara 17 ban ga Alhajin nan ya shigo ajina ba ko sau ɗaya. Tun 2004 akwai dokar UBE da ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma inifom da littafi da kuɗin PTA da na bireki duk daga kaskon ƙosan nan suke fitowa, yarinyar kuma ta san haka shi yasa ba za ta ce ba za ta kai ƙulli ba. In kin ce mafitarta sai baƙo ya faɗo daga sama kin gaya wa sauran arba'in ɗin da ke ajin cewa su ba su da mafita.

Abu Sumayya:
Bismillah. Ina ga akwai ruɗani a kalmar kunya kanta, abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai kunyar da Annabi SAW ya ce wani yanki ce na imani kuma ba ta zuwa sai da alheri, wannan ita ke hana mutum aikata mummuna. Akwai kuma tsoron idon mutane, kar a ga talaucinka kar a yi maka dariya, wannan ita ta kama Asabe kuma ita ta sa ta yi ƙarya. Littafin da zai koya wa yaro bambance biyun nan ya yi aikin malamai. Game da ko ya halatta a nuna na kirki yana kuskure, ai suratu Yusuf da Allah ya kira mafi kyawun labari 'yan uwa ne suka jefa ƙaninsu a rijiya kuma muna karantar da ita ga yara a allo. Ku duba aya ta 80, lokacin da aka riƙe ƙaramin a Masar, babbansu ya tuna musu alkawarin da mahaifinsu ya riƙa a kansu da sakacin da suka yi a baya game da Yusuf, ya ce shi ba zai bar ƙasar ba har sai mahaifinsa ya yi masa izini ko Allah ya yi masa hukunci. Nauyin babba kenan da kunyar haɗa ido da uba duk a aya ɗaya. Sannan Jabir ɗan Abdullahi mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa ƙanne mata, yana saurayi ya auri bazawara dan ta iya kula da su ta yi musu kitso, Annabi SAW da kansa ya tambaye shi dalili ya yi masa addu'a, ya kuma tsaya masa a kan bashin da uban ya bari. Wato babba ya ɗauki kaya amma wani babban ya GAN shi.

Hajiya Babba:
Malam na ji kuma na karɓa. Amma 'yan uwan Annabi Yusuf sun dawo sun ce Baba ka nema mana gafara mun yi kuskure. In dai za ta bar wurin to sai yarinyar ta nemi afuwa da bakinta a fili, ba a bar shi a dunƙule ba irin na rubutun zamani.

Abu Sumayya:
Wannan haka yake Hajiya.

Ɗalibar Jami'a:
Slm Antocina da Malamai, bari in ɗan sa baki da abin da muka karanta a darasin halayyar yara. Akwai wani likita ɗan ƙasar Ostiriya Alfred Adler da ya yi magana a kan jerin haihuwa, ya ce ɗan fari kamar sarki ne da aka tuɓe, yana shi kaɗai ana ji da shi sai ƙani ya zo ya ƙwace gadon. Sai kuma Salvador Minuchin ɗan Ajantina da ya yi aiki da iyalai talakawa a Amurka, tun 1967 ya yi rubutu a kan yaron da aka mayar uba ko uwa a gida. Abin da na fahimta ba aikin ne ke cutar da yaro ba, yaro na iya ɗebo ruwa ya yi raino ya taso lafiya har ya fi wasu hankali, cutar tana zuwa ne in kayan ya fi ƙarfinsa, ba mai taya shi, in abu ya ɓaci shi ne da laifi in ya gyaru ba mai cewa sannu.

Dikko Yola:
Ƙanwata maganar Adler ɗin nan a gidan Bature ne. A gidanmu ɗan fari bai taɓa hawa gadon ba balle a tuɓe shi. Ni Dikko ne, sunan da Fulani ke ba ɗan fari kenan, mai bi mini Sambo. Innata har yau ina da 'ya'ya huɗu ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba, sai kai ko wannan yaron, ba ta zama mu yi hira, ana yaye ni aka kai ni wurin kakata sai da na shekara bakwai na dawo na tarar da ƙanne biyu a cinyarta. Mu muna ce masa semteende, ku Hausawa ku ce kunyar ɗan fari, abu ɗaya ne. To ku duba lamarin, yaron da aka fi ɗora wa kaya shi ne wanda al'ada ta hana uwa ta nuna masa so a fili. Auta a goye ana masa kirari, babba a bakin murhu ko sunansa ba a faɗa. Ban ce innata ba ta sona ba, na sani sarai tana yi, amma sai da na girma na iya karanta alamun. Yaro ɗan shekara 11 bai iya ba. Maman Walid in littafinki zai yi abu ɗaya to ya koya wa 'yan fari karanta alamun nan.

Ɗalibar Jami'a:
Gaskiya Yaya Dikko ban taɓa kallonsa ta nan ba, kuma ni ma Ummanmu ba ta faɗin sunan Yayanmu. Zan kai wa malaminmu wannan.

Maman Walid:
Yaya Dikko jikina har ya yi sanyi. Tun ɗazu nake tunanin to in na cire Alhajin sikolashif da me zan rufe. Yanzu ga abin da ya zo min, ku gyara min. Yaron ya ji abin da ta ce ya tsaya cak ya daina kiran Yaya ya juya ya fita. Asabe ta hau ta karanta waƙar ba kuskure ko ɗaya aka ba ta kyautar littafi da fensir amma ba ta ji daɗin komai ba. Ta dawo gida ba ya nan, aka shiga nema har magariba, aka same shi ya yi barci a bayan ajinsu inda ya saba jiranta. Ita ta goyo shi zuwa gida ta bi ta gaban gidan yarinyar nan da ta tambaye ta. Da dare ta gaya wa mamanta komai. Sai maman ta kira sunanta karo na farko a rayuwarta.

Dikko Yola:
Duk ya yi banda na ƙarshen. Ba za ta kira ba. In kika sa ta kira duk uwar da ta karanta za ta ce wannan ba mu bane, kuma yaran za su koma gida suna jiran abin da ba zai zo ba, ya zama Alhajin sikolashif ta wata ƙofar. Innata abin da take yi shi ne in an raba nono sai in tarar nawa ƙoƙon ya fi na kowa mai, ba ta ce komai ba ni ma ban ce ba.

Ummu Hanan:
Ni kuma ina so ta kira wlh. Ko a littafi ne a bar mu mu ji.

Hajiya Babba:
A'a 'yata Dikko ya fi ki gaskiya a nan. Ni mai 'yar fari ce, shekararta 41 ban taɓa faɗin sunanta ba kuma ba wanda nake kwana da tunaninsa kamarta. Ranar da aka kai ta ɗaki ban fito ba aka ce dauriya ce, bayan ƙyaure nake. Maman Walid ga abin da uwa za ta yi, da asuba yarinyar za ta tashi da sauri ta ɗau bokiti ta tarar randa a cike, an yi wa yaran wanka, ga ƙosai uku masu zafi a rufe a kwano a kan inifom ɗinta da aka goge. Uwar tana bakin murhu ta ba ta baya ta ce ke wuce kar ki makara. Shi kenan. Amma neman afuwar ƙanin na nan fa ban janye ba.

Malamin Aji Shida:
Hajiya kin rubuta babin da kanki. Abu ɗaya zan ƙara, kar ya zama na rana ɗaya. A nuna mai bi mata ɗan shekara tara an miƙa masa bokitin daga ranar, dan a gidaje da yawa namiji na biyu yana ƙwallo babbar na wanke wanke. Kuma ina uban yake a labarin?

Maman Walid:
Yana Legas yana aikin gadi, sai sallah sallah yake zuwa. Na ambace shi sau ɗaya a babi na farko.

Malamin Aji Shida:
To ko ta waya ne a ji muryarsa, yara maza ma za su karanta.

Autan Inna:
Anti wajen neman afuwar kar ki sa dogon jawabi. Yayata ba ta ce min yi haƙuri ba ranar, alawar madara ta sayo min ta naira biyar ta wanke min ƙafa. Amma tunda Hajiya na so a faɗa da baki, ta faɗa a gaban ƙawar, ta ce wannan ƙanina ne sunansa kaza. Shi yaron abin da yake so ya ji kenan.

Hajiya Babba:
Ta faɗa wa ƙawar, ta kuma ce masa yi haƙuri. Biyun duka. Kalma biyu ce ba ta cin shafi.

Maman Walid:
Na ɗauka Hajiya, biyun duka. Saura mai zane, ya tambaye ni ko ya zana yaron ba wando kamar yadda na rubuta, na ce ya sa masa doguwar riga ta yayansa da ta kai gwiwa duk ta yage a kafaɗa. Malam in na gama gyaran babi na biyar da na shida zan iya turo maka ka karanta wa 'yan ajinka kafin in kai maɗaba'a? Ina so in san a ina suka yi dariya a ina suka yi shiru.

Malamin Aji Shida:
Turo kafin Alhamis, ranar muna da darasin Hausa bayan bireki. Ba zan ce su ɗaga hannu waye ɗan fari ba dan kar in tona wasu, zan dai karanta in riƙa kallon bencin baya. Ki sa manyan baƙaƙe dan mutum uku ke haɗuwa a kan takarda ɗaya.

Ummu Hanan:
Maman Walid in ya fito ki ajiye min guda biyu, ɗaya na Hanan ce. Shekararta 10 kuma jiya da dare ita ta yi wa ƙannenta shimfiɗa ina kan waya ban ko ɗago ba.